Yadda ake canja konbata a tsohuwar motar kwana

Wari ne ya fara tona asirin. Wata safiya na buɗe akwatin batir, sai wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya doke ni. Na dafa jikin batirin na ji zafi, gefensa ya ɗan kumbura, da na cire murafun na leƙa kuwa, ruwan ya janye har farantan dalma sun fito fili. Batir na biyu ke nan da ya mutu a hannuna cikin wata 18. Na farkon na ɗora wa tsufa laifi. Na biyun kuwa sabo fil na saye shi, don haka babu inda zargi zai nufa sai wajen abin da ke ba shi caji, wato konbata.

Motar tawa ƙirar 1994 ce, irin wadda ake kwana a cikinta, mai gado da madafi da banɗaki, wadda Amurkawa ke kira RV. A hannu na saye ta, kuma ina son ta ƙwarai. Duk abin da zan faɗa a nan a jikinta na koye shi, bisa tsarin wutar Amurka mai bolt 120. In taka ƙirar Turai ce mai bolt 230, tafiyar aikin ɗaya ce, amma launin wayoyi da lambobin ɓangaren wutar layi sun sha bamban, sai ka bi abin da aka rubuta a jikin naka akwatin.

Wuta iri biyu ce ke yawo a cikin irin wannan mota. Akwai wutar layi, wato AC, wadda ke shigowa idan ka jona babbar wayar motar a turken sansani ko a gida, ita ce ke tafiyar da na'urar sanyaya ɗaki da soket-soket. Sai wutar batir, DC mai bolt 12, wadda fitilu da famfon ruwa da fankar na'urar ɗumama ɗaki suke sha. Har firjin da ke aiki da gas, yawancinsu suna buƙatar bolt 12 don ƙwaƙwalwarsu, haka ma na'urar da ke yin kuka idan gas ya tsiyaye. Konbata ita ce ke tsakanin biyun: tana karɓar bolt 120 ta mai da shi bolt 12 da 'yan kai, ta ciyar da kayan ciki, ta kuma yi wa batir caji. Kada a rikita ta da inbata. Inbata kishiyar wannan aikin take yi, daga batir zuwa wutar soket. Yawanci za ka sami konbata a ƙasan akwatin da fiyus da bireka suke, bayan wani marfi mai huji-huji kusa da daɓe.

Kafin ka zarge ta

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne mutane suka fi yin asara. Fitila ta dusashe, sai a ce konbata ta mutu, a sayi sabuwa, a ɗaura, fitila ta ci gaba da dusashewa. Alamomin da ido ke gani ba su isa shaida ba. Fitilun da ba su da ƙarfi alhali motar tana jone da layi, batirin da ba ya cika, ko wanda ke shan ruwa fiye da kima, gunjin da ya ƙaru daga ƙasan akwati, fankar konbata da ba ta tsayawa ko wadda ba ta tashi sam, kowanne cikinsu yana iya zama laifin konbata, yana kuma iya zama laifin wani abu ƙarami a gefenta. Mitar awon wuta ce kaɗai ke raba gardama.

Ka cire motar daga layi, ka kashe fitilu da komai, ka bar batirin ya huta na 'yan awoyi. Ka juya mitar zuwa DC ka ɗora bakunanta a kan kawunan batirin kansu, ba a kan maƙalan waya ba. Batirin dalma da ya cika yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. Idan ka ga 12.2, kusan rabi ya rage. Idan kuwa ka ga abin da bai wuce 10.5 ba kuma ya ƙi tashi duk cajin da aka yi masa, to akwai alamar ɗaki ɗaya cikin ɗakunansa shida ya haɗe, domin kowane ɗaki bolt 2.1 yake bayarwa. Ka rubuta lambar da ka gani. Sai ka jona motar da layi, ka jira minti ɗaya ko biyu, ka sake aunawa a wuri guda. Konbata mai lafiya za ta ɗaga lambar zuwa tsakanin 13.2 da 14.4. In batirin ya yi ƙasa sosai, lambar za ta hau a hankali, amma dai dole ka ga tana hawa.

Tawa ta nuna 15.1. Na bar ta kwana biyu a jone na dawo, har yanzu 15.1, ba ta sauka ko kaɗan ba. Ɓangaren da ya kamata ya rage caji idan batir ya ƙoshi ya daina aiki, ta yi ta ɗura masa wuta dare da rana har ruwansa ya ƙone. Mutuwar konbata ba kullum take zuwa da shiru ba. Wani lokacin tana aiki, amma aikin ɓarna.

Idan taka lambar ba ta motsa ba bayan ka jona, kada ka yanke hukunci tukuna. Ka bi hanyar wutar daga tushe. Shin wutar layi tana isa gare ta? Ka duba birekarta, ka kashe ta gaba ɗaya ka sake kunnawa, domin birekar da ta faɗi wani lokacin takan tsaya a tsakiya ta yi kamar tana kunne. Wasu konbatocin a soket ake jona su a bayan akwati, jijjigar hanya takan zare fulogin. Daga nan ka nemi wasu manyan fiyus guda biyu ko uku, masu amfiya 30 ko 40, a jikin konbatar ko a allon fiyus. Aikinsu guda ne: su ƙone idan wani ya juya kawunan batir, ko da na daƙiƙa ɗaya ne. Idan sun ƙone, konbata tana nan lafiya lau, amma ba abin da zai fita daga cikinta zuwa batir. Tsofaffin ƙira sosai ba duka ke da su ba. Sai kuma ka bi wayar da ta tashi daga batir. Kusa da shi akwai wata ƙaramar bireka mai kusoshi biyu, wani lokacin da ɗan maɓalli a gefe. Tsatsa na cin ta sosai. Ka auna kowane ɓangarenta, idan lambobin biyu sun bambanta, ita ce mai laifin. In motarka tana da makunnin raba batir da mota, ka tabbata a kunne yake. Ka kuma duba inda wayar negatib ta kama ƙarfen gindin mota, domin ɗaurin da ya yi tsatsa a wurin yana kwaikwayon kowace irin cuta.

Gwaji na ƙarshe: ka cire wayar negatib daga batir, motar tana jone da layi, ka auna a bakin fitar konbatar kanta. Ta zamani za ta ba ka kusan 13.6. Idan bolt 120 yana shiga, fiyus duk lafiya, amma babu abin da ke fita, to yanzu ka samu hujja.

Abin da ya bambanta tsohuwa da sabuwa

Da na zare tawa sai na gane dalilin nauyinta. Ƙatuwar taransifoma ce a ciki, ƙarfe da tagulla, ita ce ke yin gunjin da na saba kwana da shi. Irin waɗannan tsofaffin suna da hanyoyin fita biyu. Hanya ɗaya tana ba fitilu da famfo wuta mai yawa amma ba tatacciya ba, mai rawa, shi ya sa rediyo ke yin ƙugi idan an jona shi a wannan layin. Ɗaya hanyar kuma 'yar ƙarama ce ta cajin batir, amfiya kaɗan take bayarwa. An rubuta amfiya 32 a jikin tawa, amma abin da ke zuwa batir ɗan kaɗan ne daga ciki. Akwai kuma rile a tsakani, mai raba fitilu da batir da zarar wutar layi ta shigo. Ƙarar «kas» da kake ji idan ka jona mota, shi ne.

Ta zamani ba ta da wannan rabe-raben. Hanyar fita ɗaya ce, tatacciya, kuma duk amfiyar da kayan ciki ba su sha ba tana iya tafiya batir. Sannan tana caji hawa-hawa. Idan batir ya ji yunwa sai ta ba shi kusan 14.4, idan ya kusa cika ta sauko 13.6, idan an ajiye mota ba a amfani da komai ta koma 13.2, inda ruwa ba ya ƙonewa. Wasu na kamfanin Progressive Dynamics ma, a lokacin ajiya, sukan koma 14.4 na minti 15 duk bayan awa 21 don su motsa ruwan batir kada asid ya kwanta a ƙasa. WFCO da IOTA su ma suna ƙera masu hawa-hawa. A ganina babu dalilin da zai sa mutum ya nemi irin tsohuwar ya mayar, ko da ya same ta.

Siffa biyu za ka zaɓa a ciki. Akwai wadda aka ƙera don ta shige gurbin tsohuwar daidai a ƙasan akwatin, galibi tana zuwa da sabon allon fiyus na bolt 12. Akwai kuma mai zaman kanta, wadda ake kafawa a daɓe ko bango a ja mata waya. Ni ta farkon na ɗauka, domin akwatina yana da lafiya, birekokinsa ma haka. Ka kwafi lambar ƙirar da ke cikin marfin akwatinka, ka auna faɗi da tsawo da zurfin gurbin kafin ka saya. Idan ka ga robar akwatin ta narke ko wani wuri ya yi baƙi a bayan birekoki, to aikin ya wuce canja konbata, akwatin ne gaba ɗaya zai tafi.

Batun girma, kada ka yi zari. Daidai da tsohuwar ko sama da ita kaɗan ya isa. Na tashi daga amfiya 32 zuwa 45. Batirin dalma mai ruwa ya fi jin daɗin cajin da bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na girmansa ba, ni kuma batira biyu na sa, jimillarsu kusan amfiya-awa 200 (ma'aunin girman batir ke nan), ga fitilu da famfo suna cin nasu rabon. Ka kuma tuna cewa abin da take fitarwa daga layi take ɗebo shi. Amfiya 45 a kan bolt 14.4 ya kai wat 648, idan ka haɗa da abin da ke salwanta a zafi ya haura 700, wato amfiya 6 ko fiye daga cikin 30 ɗin da babbar wayar motar ke iya ɗauka. Na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai tana cin 12 zuwa 15. Idan kuma kana da niyyar komawa batirin litiyam irin LiFePO4, ka sayi wadda ke da saitinsa tun yanzu, domin shi yana son 14.4 zuwa 14.6 kafin ya cika.

Abu ɗaya kuma kafin ka kama aiki: kada ka haɗa sabuwar konbata da mataccen batir. Batirin da ɗakinsa ya haɗe ba ya taɓa ƙoshi, zai sa ta yi ta aiki da iya ƙarfinta ba hutu, shi kuma yana ta zafi.

Kashe wuta

Kayan aikin ba su da yawa: mita, sukudireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, da mai kai murabba'i domin da irin wannan sukurun aka haɗa yawancin waɗannan motoci, filaya, abin fere waya, sufana, farin tef da alƙalami, tocila, sai wayar salula don ɗaukar hoto.

Ka zare fulogin motar daga turke, ka naɗe wayar ka kawo ta inda idonka ke ganinta. Kashe bireka kawai bai ishe ni ba, domin wani na iya wucewa ya kunna da kyakkyawar niyya. In akwai janareta, a kashe shi. In akwai inbata, a kashe ta, domin tana iya mayar da bolt 120 cikin akwatin alhali babu layi. In akwai sola, ka raba faifan da na'urar cajinsa kafin ka taɓa batir. Ka rufe tukunyar gas, tunda na'urar da ke gargaɗin tsiyayarsa za ta mutu da zarar ka cire batir. Ka cire zobe da agogo. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma batir yana iya tura ɗaruruwan amfiya ta cikin zobe ko sufana, ƙarfen ya yi ja nan take. Sannan ka kwance wayar negatib da farko, ka naɗe bakinta da tef, ka kawar da ita gefe. Dalilin farawa da ita shi ne, duk ƙarfen motar negatib ne, idan ka fara da fozitib sufana ta goga ƙarfe, tartsatsi zai tashi a kan batirin da ke fitar da iskar haidurojin.

Bayan duk wannan, ka cire marfin akwatin ka auna. Ka fara gwada mitar a wani soket da ka san yana da wuta, don ka tabbata sifilin da za ta nuna maka na gaskiya ne. Ka auna tsakanin layif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wadda ke mayar da ita), da tsakanin layif da at (wayar kariya mai kai wuta ƙasa), sannan ɓangaren bolt 12. Ko'ina sifili. Ka ba tsohuwar 'yan mintoci, kafasitocin cikinta su sauke abin da suka riƙe. Idan zuciyarka ba ta kwanta da ɓangaren bolt 120 ba, ka yi sauran aikin ka kira mai gyaran wuta ya haɗa waɗannan wayoyi uku. Ba abin kunya ba ne, wannan wutar tana kisa.

Launin waya

Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, ka ɗauki hoto, daga nesa da kuma kusa, ta kowane gefe. Sai ka liƙa wa kowace waya tef ka rubuta lambar fiyus ɗin da ta fito da girmansa. Tara ne a allona, na rubuta 1 zuwa 9. Minti 15 wannan ya ci, kuma shi ya sa haɗawar ba ta ba ni wahala ba.

Ga inda tarkon yake. Wanda ya saba da ƙaramar mota ya san ja fozitib ne, baƙi negatib. A yawancin motocin kwana ƙirar Amurka, musamman tsofaffi, an bi launin wayar gida ne: baƙi fozitib, fari negatib. Wasu kuma ja da fari. Idan mai motar na baya ya ƙara nasa wayoyin, sai ka tarar da baƙi biyu a akwatin batir, ɗaya fozitib ɗaya negatib. Haka na tarar a tawa. Kada ka yarda da launi. Ka sa mitar a kan awon haɗuwa, baki ɗaya a kan wayar, ɗaya a kan ƙarfen gindin mota, ko kuma ka bi wayar da ido da hannu har inda ta ƙare. Wadda aka ɗaure a jikin ƙarfe ita ce negatib. Ka naɗa wa fozitib jan tef a duka bakunanta biyu, saboda kai da kuma wanda zai gaje ka.

Fari ma kashi biyu ne a cikin akwatin. Akwai farin nutural na bolt 120, akwai farin negatib na bolt 12. Kowanne da sandar da ake ɗaure shi, kuma ba sa haɗuwa. Haka nan a ɓangaren layi, sandar nutural daban, sandar at daban. A cikin motar kwana ba a haɗa su, a can tushen wutar ake yin wannan haɗin. Idan ka haɗa su a mota, wuta tana iya bin jikin motar, mutum ya taka ƙasa ya kama ƙofa ta ja shi.

Cirewar kanta ba ta da wani labari. Ka kwance baƙar wayar konbata daga bireka, farar daga sandar nutural, koriya ko tsirarar tagulla daga sandar at. Ka kwance wayoyinta na bolt 12 daga allon fiyus. A tawa uku ne: shuɗiya ta fitilu, ja ta caji, fara ta negatib. Sukurori huɗu ke riƙe da ita. Ka tallabe ta da hannu biyu wajen jawowa, ta fi yadda take a ido nauyi. Ka share ƙurar gurbin, za ka same ta da yawa.

Kaurin waya

Wannan shi ne abin da ban ga ana yawan faɗa ba, kuma a wurina shi ne rabin aikin. Wayar da ta tashi daga akwatin zuwa batir an zaɓe ta ne don tsohuwar konbata mai cajin amfiya kaɗan. Sabuwar kuwa tana iya tura 40 ta cikinta. A tawa lamba 10 ce a ma'aunin kaurin waya na Amurka, wato AWG, kusan milimita murabba'i 5.3, kuma tsakanin akwati da batir mita 6 ne. Zuwa da dawowa mita 12 ke nan. Idan amfiya 30 ta bi ta wannan tsawon, kusan bolt 1.2 ne ke salwanta a hanya. Ma'ana konbata tana fitar da 14.4, batir yana ganin 13.2. Ita tana ganin kamar ya kusa cika sai ta sassauta, shi kuma yana can da yunwarsa. Ka sayi mai caji da sauri, siririyar waya ta mai da ita mai jan ƙafa.

Na canja ta da lamba 6, kusan milimita murabba'i 13.3. A ma'aunin AWG, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Da wannan, asarar ta sauko ƙasa da rabin bolt. Na yi wa ɓangaren negatib irin wannan kaurin, na kankare fenti da tsatsa a inda yake kama ƙarfe har ya yi ƙyalli. Jan wayar ta ƙarƙashin mota shi ya fi cin lokaci a duk aikin, ya fi awa biyu ina kwance a ƙasa. Na sa ta cikin bututun roba, na ɗaure ta duk bayan taku ɗaya, na nisanta ta da bututun hayaƙi da duk wani baki mai kaifi.

Ƙaramar birekar da ke kusa da batir mai amfiya 30 ce. Da na bar ta, da ta yi ta faɗuwa tana tashi duk lokacin da batir ya ji yunwa. Na sa mai 50. Amma ka riƙe wannan da kyau: bireka da fiyus waya suke karewa. Ba a ƙara girmansu sai an riga an ƙara kaurin wayar. Mai 50 a kan waya lamba 10 gobara ce ke jiran rana.

Haɗawa da gwaji

Ka zura sabuwar a gurbi, ka tabbata ba ta danne wata waya a baya ba, kuma fankarta tana da sararin numfashi. In mai zaman kanta ce, kada ka kafa ta cikin akwatin batir mai ruwa ko inda tukunyar gas take, kuma kada ka kafa ta ƙarƙashin bututun ruwa. Idan ta zo da sabon allon fiyus, ka yi amfani da shi. Tsohon allon an raba shi gida biyu saboda tsohon tsarin, sabon kuwa a haɗe yake. Ka ƙaurar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya bisa lambobin da ka rubuta, kowace da fiyus mai girman da ta saba da shi. In bakin waya ya yi baƙi ko kore, ka yanke ka fere sabo. Kada silin tagulla ko ɗaya ya leƙo waje daga maɗauri.

Sai ɓangaren layi: baƙi a bireka, fari a sandar nutural, kore a sandar at. Idan akwai maɗaurin at a jikin konbatar kanta, ka haɗa shi da ƙarfen mota kamar yadda takardarta ta nuna. Ka ɗaure kowane sukuru da ƙarfin da aka rubuta a jikin akwatin, sannan ka ja kowace waya da hannu. Wadda ta motsa ba ta ɗauru ba. Sako-sakon ɗauri shi ke haifar da zafi, kuma mota kullum cikin jijjiga take.

Kada ka yi gaggawar mayar da batir. Ka kashe duk birekoki, ka jona motar da layi, ka kunna babbar bireka, sannan ta konbata. Ka saurara, ka shinshina. Ka auna a bakin fitarta, batir bai shiga ba tukuna. Tawa ta nuna 13.6 cif, fitilu suka kama da haske tsayayye, babu ko gunji. Idan fankarta ba ta juya ba kada ka damu, yawancinsu sai sun ɗauki zafi ko nauyi suke tashi. Ka gwada fitilu da famfo da sauran kaya ɗaya-ɗaya.

Daga nan ka sake zare layi. Ka haɗa fozitib a batir, ka sake duba jan tef ɗinka da alamar + da ke jikin batirin, sannan negatib a ƙarshe. Ɗan tartsatsi ƙarami lokacin da ta taɓa ba matsala ba ne, kafasitocin sabuwar ne ke cika. Ka jona layi, ka auna wuri biyu: bakin konbata da kan batir. Lokacin da caji ke tafiya da ƙarfi, tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke gaya maka lafiyar wayarka. Na samu 14.4 a akwati, 14.0 a batir, kuma tazarar ta yi ta raguwa yayin da batiran ke cika. In ka ga ta kai bolt 1, akwai siririyar waya ko ɗaurin da ya yi tsatsa a wani wuri. Bayan rabin awa ka dafa robar manyan wayoyin bolt 12 kusa da maɗauransu, ɗumi kaɗan ba komai, amma wurin da ya yi zafin da ba ka iya riƙewa sai an sake shi. Ka mayar da marfi, ka buɗe gas, ka danna maɓallin gwajin na'urar gargaɗi ka ji kukanta.

Na ci gaba da aunawa kullum har mako guda, ina rubutawa a cikin marfin akwatin tare da ranar da na yi aikin da lambar ƙirar sabuwar. Washegari ta sauko 13.6, bayan motar ta kwana biyu ba a taɓa komai ba na tarar da 13.2. Bayan tafiyar farko na zare layi, na cire negatib, na buɗe akwatin na bi sukurorin da sukudireba, biyu daga cikin manyan sun karɓi ƙarin ɗauri. Ruwan batir kuma ina duba shi duk wata, in ya ragu in ƙara tataccen ruwa kawai, har ya rufe farantan. A wata shidan farko sau ɗaya na ƙara.